Me ke sa gashin ƙafar doki ya zube?

A wannan wata ina so mu yi magana a kan doki, musamman ƙafarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hasara da muka yi a gidanmu, wadda ba na so wani ya yi irinta.

A daminar 2022 an yi ruwa mai yawa a ƙasar Damagaram. Baffana yana da wani bikili, doki mai hankali, wanda ya yi shekara shida a turkensa. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa a ƙauyukan kewaye, shi ne kuma yara ke yi wa ado ranar salla. Cikin watan Agusta wurin turken ya zama taɓo. Sai aka ga gashin ƙafafunsa na baya yana zuba, daga saman kofato har ƙwauri, ɓamɓaroki ya rufe wurin. Maƙwabta suka zo dubawa. Wannan ya ce ƙazuwa ce, wancan ya ce bakin mutane ne. Aka samo baƙin man mota aka shafa, ƙafa ta ƙara kumbura. Ranar kasuwa baffa ya sayo wata ƙaramar kwalba wurin wani mai tallan magani, wanda ya ce masa tana kashe kaska da ƙazuwa a jikin kowace dabba. Aka haɗa da ruwa, aka wanke doki tun daga wuya har kofato.

Kashegari doki ya yi sanyi, kai a ƙasa, yana tangaɗi kamar mai jin barci. Ya daina kashi, cikinsa ya kumbura. A kwana na uku ya mutu a turke. Da na zo na ɗauki kwalbar na karanta. An rubuta Amitraz a jikinta. Akwai hoton saniya da na tunkiya, babu hoton doki. Ma'aikacin kiwon da muka kai wa labari ya girgiza kai. Ya ce maganin kaskar shanu ne mai kyau, amma guba ne ga doki, domin yana tsayar da aikin hanjinsa. Ya kuma ce bisa ga kwatancen da muka yi masa, abin da ya kama ƙafar dokin kirci ne, wanda busasshen wuri da wanki ke warkarwa. Ashe da hannunmu muka kashe shi.

Tun daga ranar na shiga tambayar ma'aikatan kiwo da tsofaffin masu dawaki, ina kuma karanta abin da na samu. Ga babban abin da na koya. Zubewar gashin ƙafa alama ce kawai, kuma abubuwa da yawa ke kawo ta. Kowane da maganinsa. Wanda ya shafa magani kafin ya duba da kyau, harbi ya yi cikin duhu.

Darajar doki a ƙasarmu

Ba sai an gaya wa Badamagare darajar doki ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da rundunar dawaki ya faɗaɗa ƙasar Damagaram. Har yau hawan salla a birnin Damagaram da sukuwa a garuruwanmu suna tara jama'a. A nan Mallawa, wadda ke cikin gundumar Dungas tun da aka raba ta da Magarya a 2011, doki abin hawa ne a hanyoyin rairayi inda babur ke wahala, kuma ajiya ce ta ranar buƙata. Iyakar Nijeriya na kusa da mu. Ranar Alhamis dawaki na cin kasuwa a Maigatari. Duk wanda ya taɓa kai doki can ya san dillali ƙafa yake fara dubawa. In ya ga sanƙo ko tabo, nan take zai karya kuɗin.

Yankinmu kuma yana cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a jihar Damagaram. Muna da fadamu da tabkuna. Wannan albarka ce ga manomi, amma danshi da ƙuda da kaska su ne abokan gaban ƙafar doki. Bari mu ɗauki dalilan ɗaya bayan ɗaya.

1. Igiya

Wannan shi ne dalili na farko, shi ne kuma muka fi ƙin yarda da shi, don laifinmu ne. Dabaibayi da tarnaƙi da igiyar turke suna goge gashi a wuyan ƙafa. Alamarsa ba ta ɓuya: gashin ya zube a zagaye kamar awarwaro, daidai inda igiya ke zama, sauran ƙafar kuwa lafiya lau. A da iyayenmu da igiyar rama ko ta auduga suke ɗauri, mai kauri da taushi. Yanzu igiyar leda ta cika kasuwa. Ba ta tsinkewa, amma tana cin fata kamar zarto, balle in ta jiƙe ta kwashi rairayi. In ta daɗe tana ci, gashin da zai sake fitowa fari ne, ko ma ya ƙi fitowa har abada.

Maganinsa ba ya cin kuɗi. A canza igiya, a naɗe wurin ɗaurin da tsumma mai taushi, a bar sarari yadda yatsa biyu za su shiga. A riƙa canza ƙafar da ake ɗaurewa. In fata ta riga ta ɗaye, a ɗaure shi da ragama a ka har ƙafar ta warke. Kada a raina wannan ɗan rauni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin cututtukan da zan ambata a ƙasa ta wannan tsaga suke shiga.

2. Taɓo da fitsari

Fatar bayan wuyan ƙafa, saman kofato, tana da taushi ƙwarai. In doki ya kwana ya wuni cikin taɓo, ko cikin kashinsa da fitsarinsa, fatar takan jiƙe ta yi laushi ta tsage. Sai gashi ya zube, wurin ya yi ja, yana tsatsar ruwa. Ƙafar baya ta fi kamuwa, haka kuma ƙafa mai farin gashi, domin fatarta ba ta jure rana da danshi kamar baƙa. Ƙarangiya da ke maƙalewa a gashin wurin ita ma tana ƙara ƙuje shi.

3. Kirci

Makiyaya sun san kirci a jikin shanu. Yana kama doki, da tumaki da awaki. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sunanta Dermatophilus congolensis, domin a ƙasar Kwango aka fara gano ta a jikin shanu a 1915. Tana son danshi, shi ya sa take tashi da damina. Ƙuda da kaska suna taimaka mata shiga fata, musamman babbar kaska mai zane a baya, wadda bakinta ke da tsawo.

Yadda za ka gane shi: ka shafa hannu a ƙafar, za ka ji ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin gashi. In ka ɗaga ɓamɓaroki ɗaya, zai fito tare da tukkun gashi a manne, kamar bakin burushi. Ƙarƙashinsa fata ja ce, wani lokaci da ƴar mugunya. Doki ba ya susa sosai, amma yana jin zafi in ka taɓa. Sau da yawa za ka ga irinsa a gadon baya da ɗuwawu, inda ruwan sama ke sauka.

Ga yadda ake yi masa, shi da ciwon taɓo. A fitar da doki zuwa busasshen wuri mai rumfa. A aske gashin kewayen ciwon. A zuba Bétadine cikin ruwa mai ɗumi har ya yi launin shayi mara ƙarfi, a jiƙa wurin kamar minti 10 don ɓamɓarokin ya yi laushi, a cire shi a hankali ba da ƙarfi ba. A ɗauraye, a tsane ƙafar da tsumma mai tsabta har ta bushe sarai. A maimaita kullum har mako guda. Ɓamɓarokin da aka cire a ƙone shi, don ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikinsa. In ƙafa ta kumbura ko doki yana ɗingishi, sai an kira likitan dabbobi ya yi masa allura.

4. Ƙazuwar ƙafa da ƙwarƙwata

Akwai wani ɗan ƙwaro da ido ba ya iya gani, yana zama a kan fatar ƙafa yana cin garin fata. Shi ke kawo ƙazuwar ƙafa. Bambancinsa da kirci shi ne ƙaiƙayi. Za ka ji doki yana buga ƙafa a ƙasa da dare, yana goga wannan ƙafa da waccan, ko yana cizon wurin. Gashi ya kakkarye, fata ta yi gari-gari, in an daɗe ta yi kauri ta yi kunya-kunya. Ya fi tashi da sanyin hunturu. Akwai kuma wata ƙazuwar mai tsanani wadda ke farawa daga kai da wuya da kafaɗa kafin ta sauko, ita tana iya kama mutum. Ƙwarƙwata ma tana sa susa, amma ita ana ganinta in an buɗe gashi a rana, kuma ta fi kama ramammen doki.

Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kamar mako 3 ne. Magani yana kashe ƙwaron amma ba ya kashe ƙwai. Don haka wanki ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan kamar mako 2. Ƙwaron yana iya rayuwa makonni a shimfiɗar barga da tsumman sirdi, saboda haka a share wurin, a wanke kayan, a shanya su a rana, a kuma yi wa dukan dawakin gidan magani tare. Maganin wankin kuwa likitan dabbobi ne zai zaɓa. Ku tuna da dokin baffana.

5. Makero

Makeron da ke kama kan yara yana da ɗan'uwa a jikin doki. Ƙwayar cutarsa dangin funfuna ce. Gashi yana zuba a kewaye kamar kwabo, wurin ya yi toka-toka, a bushe. Ya fi fitowa a wurin majayi da sirdi, amma yana kaiwa ƙafa. Duƙushi ya fi kamuwa. Yakan warke da kansa cikin wata ɗaya zuwa uku, wankin Bétadine kuma yana hana shi bazuwa. Hatsarinsa shi ne yana yaɗuwa ta burushi da kayan sirdi, kuma yana kama mutane. Kada a bar yara su yi wasa da dokin, mai wankinsa kuma ya wanke hannu da sabulu.

6. Gyambon ƙuda

Akwai wata tsutsa da ke zama cikin tumbin doki. Ƙwanta yana fita cikin kashi. Ƙuda da ke hayayyafa cikin kashin yana ɗaukar ƴaƴanta, ya je ya sauke su a kan rauni. Daga nan ƙaramin ciwon igiya sai ya zama gyambo mai jan nama a waje, yana ƙaiƙayi, da ƴan ƙwayoyi rawaya kamar tsabar gero a ciki. Yakan lafa da sanyi, ya dawo lokacin ƙuda. Maganin tsutsa da ake rubutawa Ivermectine yana kashe ta. Na doki ta baki ake ba shi, gwargwadon nauyinsa. Na allura an yi shi ne don shanu da tumaki, kada mai doki ya ɗauki sirinji da kansa. A rufe gyambon da tsumma mai tsabta don hana ƙuda.

7. Ƙuraje masu jeri

Wannan ne mafi muni, likitoci na kiransa lanfanjit. Ƙwayar cutarsa tana zama cikin ƙasa da mugunya, tana shiga ta rauni, ƙuda da kayan doki suna yaɗa ta. Tana iya yin makonni ko watanni kafin ta bayyana. Alamarsa ƙuraje ne masu tauri a jere, suna hawa ƙafa kamar carbi, da wata jijiya mai kauri tsakaninsu. Sai gashin kansu ya zube, su fashe, mugunya mai kauri ta fito, su ƙi warkewa. Ƙafar gaba da ƙirji da wuya sun fi kamuwa.

A ƙasar Habasha, inda dawaki ke jan amalanken haya cikin garuruwa, wani binciken da aka buga a 2006 ya duba dawaki fiye da 19,000 a garuruwa 28, ya samu kusan ɗaya cikin biyar yana da wannan ciwo. Yana nan a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. In an tare shi da wuri, magani mai sinadarin ayodin yana warkar da shi, amma sai an yi makonni ana bi. In ya cinye jiki, da wuya doki ya tashi. Wanda ya ga irin wannan jeri ya ware dokin nan take, kada ya taɓa mugunyar da hannu tsirara, ya kai labari ma'aikatar kiwo. Akwai wani ciwon mai kama da shi wanda ke iya kashe mutum, sai an auna ake bambanta su.

Tambaya biyar kafin magani

Ɗan'uwa mai doki, in ka ga gashi yana zuba, ka fito da dabbarka cikin haske, ka wanke ƙafar da ruwa da sabulu, ka tambayi kanka:

Ina ne wurin? In daidai igiya ne, igiya ce.

Yaya siffarsa? Tukkun gashi da ɓamɓaroki kirci ne. Kewaye kamar kwabo makero ne. Ƙuraje a jere lanfanjit ne.

Yana susa? In yana buga ƙafa yana cizo, ka yi zaton ƙazuwa ko ƙwarƙwata.

Wane lokaci ne? Damina ta kirci ce da taɓo da gyambon ƙuda. Hunturu na ƙazuwa ne da ƙwarƙwata.

Akwai wata dabba ko wani yaro a gidan mai irinsa? In akwai, abin mai yaɗuwa ne.

Amsar waɗannan tambayoyi ita za ka kai wa likitan dabbobi. Wani lokaci abu biyu ke haɗuwa a ƙafa ɗaya, ido kuma ba ya raba su. Likita yakan kankare ɗan ɓamɓaroki ya duba da madubin ƙara girma. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai ɗakin awon cututtukan dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai, da reshensa a Damagaram.

Abubuwan da ba a yi

Kada a shafa baƙin man mota. Yana ƙona fata, yana rufe ciwo da datti, doki kuma yana lasa ya shiga cikinsa.

Kada a zuba garin batir, ko kananzir, ko maganin feshin wake da na auduga.

Kada a yi wa doki wanka da maganin da aka rubuta Amitraz a jikinsa, ko da sunan kwalbar daban ne, kamar Taktic. Jaki ma a nisanta shi da shi.

Kada a yi lalas a kan ciwon fata. Wuta tana kashe saiwar gashi, tana kuma buɗe ƙofa ga ciwon sandarewar jiki, wato tetanos, wanda doki ba ya jurewa.

Kada a sayi maganin da ba shi da takarda, ko wanda ya sha rana a kan tebur, ko wanda kwanan watansa ya wuce. Wanda bai iya karatu ba ya nemi wanda ya iya. A ajinmu na manya yanzu nakan ce kowa ya zo da kwalbar maganin da ke gidansa, mu karanta sunan da kwanan wata da hoton dabba tare. Da baffana ya nuna mini kwalbar nan kafin ya buɗe ta, da watakila bikilinsa na nan a turke.

Rigakafi ya fi magani

Kafin ruwa ya sauka, a ɗaga wurin turke da rairayi, a yi masa rumfa da ƴar hanyar ruwa. A kwashe kashi kullum a tara shi nesa da doki. Riba biyu ce: ƙuda ya ragu, gona ta samu taki. In an dawo daga fadama ko tabki, a wanke ƙafa a tsane ta. Kowace safiya a bi ƙafafu huɗu da hannu, a cire ƙarangiya, a duba kaska a bayan kofato da ƙarƙashin wutsiya. Kowane doki da burushinsa da tsumman sirdinsa, aro ba shi da kyau a nan. A ba shi harawa da dusa da hatsi da ruwa mai kyau, da gishiri ko ƴar kanwa, domin ramammen doki shi ciwo ke fara kamawa, shi ne kuma ke daɗewa bai warke ba.

Sabon doki ko jakin da aka sayo daga kasuwa a ɗaure shi daban har mako 3, ana duba fatarsa da hancinsa. Ba mu manta da murar dawaki ba, wadda ta kashe dubban jakuna da dawaki a Nijar da ƙasashen maƙwabta daga ƙarshen 2018 zuwa 2019. Haɗuwar dabbobi a kasuwa da bakin rijiya ita ke yaɗa irin waɗannan cututtuka, na fata ma haka suke bi.

Ma'aikatar kiwo tana nan a Dungas da Magarya, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu da ke zagaya karkara. Kuɗin kiransu bai kai kuɗin sirdi ba, balle na doki. A kira su tun ciwo yana kamar tafin hannu, kada a jira sai ƙafa ta zama turmi.

Baffana ya sayi wani doki bayan kaka ta biyu, ɗan ƙuru ne akawal. Igiyarsa ta auduga ce, an naɗe ta da tsumma, turkensa kuma yana kan tudu ƙarƙashin rumfa. Damina ta zo ta wuce, gashin ƙafarsa bai zube ba.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa mai doki. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Mallawa